Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ɗan Yawon Buɗe Ido a Gidan Louvre

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu dubi irin kallon da ɗan yawon buɗe ido yake yi wa aikin fasaha, ta hanyar ɗaukar misali daga Louvre, babban gidan adana zane-zane da kayan tarihi na birnin Faris. An buɗe gidan ga jama'a a 1793, kuma a 2018 kaɗai baƙinsa sun haura miliyan 10. Ra'ayinmu shi ne, akasarin waɗannan baƙi suna suke bi, aikin kuwa ba su cika tsayawa su nazarce shi ba.

Hujjarmu ta farko tana cikin zauren da aka rataye Mona Lisa, zanen Leonardo da Vinci. Ɗan ƙaramin allo ne, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, yana bayan gilashi mai kauri. Shahararsa ta ƙaru matuƙa bayan da wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, ya sace shi a 1911, aka gano shi a 1913. Baƙo yakan bi dogon layi, ya ɗaga waya sama da kawunan mutane, ya ɗauki hoto, ya wuce. Yadda mai zanen ya narkar da haske cikin inuwa a gefen baki da idanu, har murmushin ya ƙi tsayawa wuri guda, abu ne da ke buƙatar natsuwa, ita kuwa cunkoso ba ya barinta.

Abin lura shi ne, mai wannan kallo ya juya baya ga zane mafi girma a gidan, wato Bikin Aure a Kana, wanda Paolo Veronese ya kammala a 1563. Faɗinsa ya kusa mita 10, mutanen cikinsa sun fi 100. An zana shi ne domin ɗakin cin abinci na wasu malaman coci a birnin Venice na Italiya, sai sojojin Napoleon suka ciro shi daga bango a 1797. Har yanzu bai koma ba, kwafinsa aka kafa a gurbinsa a 2007. Ashe ke nan wanda ya tsaya a suna ya yi asarar abu biyu: kyan aikin, da kuma labarin yadda ya iso wurin.

Wannan batu na biyu ya shafe mu kai tsaye. A 2000 an baje wasu sassaƙe-sassaƙen yumɓu na al'adar Nok a wani sashe na Louvre, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da irinsu. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta ba da aronsu na shekara 25. Ɗan Nijeriyar da ya gan su a lokacin, ya yaba, ya wuce bai tambayi ramin da aka tono su ba, ya zama baƙo a gaban gadon gidansu.

Ba muna cewa ziyarar ba ta da amfani ba ne, domin gani ya kori ji. Sai dai muna jan hankalin ɗalibanmu marubuta cewa, idan dama ta samu, su zaɓi zane biyu ko uku, su daɗe a gabansu kamar yadda ake warware baitin waƙa, sannan su tambayi wanda ya yi su, da wanda aka yi wa, da hanyar da suka biyo.