Wanda Ya Yi Shiru Ake Fara Dubawa

A ƙofar imajansi ta Asibitin Malam Aminu Kano da ke birnin Kano, kan titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi, sau da yawa adaidaita sahu ce ke kawo wanda hatsari ya rutsa da shi, ƙafa a waje, 'yan'uwa na ta salati. Tun 1988 aka kafa asibitin, Farfesa Sadiq Wali ne shugabansa na farko. Gwanintar da ta fi burge ni a cikinsa kuwa cikin daƙiƙu kaɗan ake gama ta.

Gwanin likita ba ya rugawa kan mai ihu. Mai ihu ai yana numfashi. Wanda ya yi lamo, gumi mai sanyi na keto masa, shi ne abin tsoro. Sai likita ya sa yatsu bayan muƙamuƙinsa ya turo shi gaba, don kada harshe ya toshe maƙogwaro, wuya kuma ko gezau, saboda ƙila ƙashin ya taɓu. Ya dubi ƙirji, ko ɓangarorin biyu na ɗagawa tare. Ya danna farce ya saki. In jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, mai yiwuwa jini na zuba a ciki, sai a ɗaura ruwa a nemo jini. Karayar da dangi suka zuba wa ido, ita ce ta ƙarshe a layi.

Wannan ilimin Dakta Ola Orekunrin ta ɗora a jirgin sama. A Ingila ta tashi, ta zama likita tana shekara 21. Ƙanwarta mai sikila ta rasu a Najeriya ana cikin neman jirgin da zai ɗauke ta, wannan ne ya sa ta kafa Flying Doctors Nigeria a Legas.

A sama aikin ya fi wuya. Iska kumbura take yi in jirgi ya yi nisa da ƙasa, don haka wanda haƙarƙari ya huda masa huhu sai an zura masa bututu a ƙirji kafin a tashi, in ba haka ba iskar da ta taru ta danne huhu da zuciya. Ƙarar inji kan hana jin numfashi, sai dai ido da na'ura. Shi ya sa ake kammala komai tun a ƙasa.

Kuɗin jirgin ya fi ƙarfin talakan Tarauni, wannan ba a musu. Amma riƙe wuyan wanda ya faɗo daga babur kafin a cicciɓe shi, ɗan adaidaita ma zai iya koya.