Kafaffen Gira da Keken Karkara: Nazari kan Ingancin Kayan Keke a Gaya da Ajingi

Kekunan da ake tsere da su a rufaffen fili, wanda ake kira belodurom, su ne mafi ƙarancin tarkace a dangin kekuna, domin ba su da birki, ba su da giya mai hawa da sauka, kuma ƙaramin gira na tayar baya a ɗaure yake tamau da cibiyar taya, ta yadda muddin taya na juyawa dole feda ta juya. Wannan shi ne ake nufi da kafaffen gira. Akasinsa shi ne furwil, wato girar da ke ɗauke da 'yan harsuna a cikinta, masu kamawa idan an taka feda, su saki idan an daina, abin da ke ba mahayi damar hutar da ƙafa a gangara. Kekunan farko masu sarƙa, irin wanda John Kemp Starley ya ƙera a Ingila a 1885, duk kafaffu ne, sai a ƙarshen ƙarni na 19 furwil ya bazu, aka bar wa 'yan tsere tsohon tsari saboda ba ya ɓarnar ƙarfin ƙafa.

A ƙasar Gaya da Ajingi babu irin wannan fili, kuma wanda aka sani a Najeriya shi ne na Babban Filin Wasa na Abuja, da aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Amma keken da manomi ke hawa daga ƙauye zuwa kasuwa, mai taya inci 28 da birkin sanda da kariya a baya, ɗan'uwan keken tsere ne na kusa fiye da yadda kamanninsu ke nunawa, tun da shi ma gira ɗaya gare shi, kuma faɗin sarƙarsa kashi ɗaya cikin takwas na inci ne, daidai da ta belodurom. Inda suka rabu shi ne furwil da yawan haƙora: na karkara galibi yana da 44 ko 46 a gaba da 18 ko 20 a baya domin ya ja kaya, na masu tseren gudu a belodurom kuwa yakan haura 50 a gaba. Keken da ba shi da kayan ƙawa ba ya ɓoye aibi, domin nauyin tafiya gaba ɗaya yana kan sarƙa da gira da boris da sifok, kuma idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, tafiya ta tsaya.

Japan ce ta fi kowace ƙasa tsananta wa kayan keken tsere. A can aka fara tseren keken da ake kira kerin a garin Kokura a 1948, kuma da yake caca ake yi a kansa bisa doka, hukumar da ke kula da shi ta wajabta cewa duk ƙarfen da zai hau keke sai ya sami hatiminta mai haruffa NJS, don kada wani ya yi nasara da fifikon kaya, kada kuma wani ya faɗi saboda karyewar feda alhali mutane sun zuba kuɗi a kansa. Dalilin tsananin a fili yake: mahayin da ke gudun da ya wuce kilomita 60 a sa'a, ba shi da birki, da ƙafafunsa kaɗai yake rage gudu, sai ya dogara da wani zobe mai zaren hagu da ke danne girar baya don kada ta kwance. Tsadar irin waɗannan kaya da wuyar samunsu sun bayyana a gasar Olamfik ta Faris a 2024, inda Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya, ta shiga tseren kerin da keken da tawagar Jamus ta ara mata.

Ma'aunin inganci a gabashin Kano daban ne, kuma ana iya cewa ya fi tsauri. Ƙasar Ajingi da ƙauyukan Gaya da ke iyaka da Jihar Jigawa ƙasa ce mai rairayi, shi kuwa rairayi idan ya haɗu da giris sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙoran gira, yana buɗe gaɓoɓin sarƙa, yana rarake kofin boris a hankali. Ga ƙaya da ke huda tif, ga buhun gero ko na wake ko jarkokin ruwa da ake ɗaure wa kariyar da ba a ƙera ta don rabin wannan nauyi ba. Keken tsere ana buƙatarsa na 'yan mintoci a kan shimfiɗaɗɗen dandamali, makanikai na tsaye a gefe; na manomi kuwa ana so ya shekara goma ko fiye, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ya gyaru a gindin bishiya da sifana biyu da guduma. Shi ya sa mai gyara ya fi girmama ƙarfen da ke lanƙwasawa a miƙe shi a kan wanda ke tsinkewa farat ɗaya, ko da na biyun ya fi sauƙin nauyi da sheƙi.

Sanin ƙarfe ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, domin tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka je Dutsen Dala neman tama, kuma ana danganta sunan Kano da ɗaya daga cikinsu. Mai gyaran keke na yau, ko da bai gaji ƙira ba, da kunne da yatsa yake aiki: yana juya furwil kusa da kunnensa ya ji ko harsunan na ƙara daidai, yana lanƙwasa sarƙa gefe ya ga iya sakinta, yana kallon kota, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, ya gane ko za ta narke a bugun farko. Shi ne ke zaman hatimin inganci, irin na NJS, da babu a nan. Furwil ɗin da harsunansa suka mutu kuwa, idan aka like shi da walda maimakon a sayi sabo, ya koma kafaffen gira ke nan, sai dai ba shi da zoben dannewa, kuma mahayin da ya manta ya tsayar da ƙafa a gangara zai ji a ƙwaurinsa.

Dogaro da mai gyara ya ƙaru ne bayan da sunan kamfani ya daina zama shaida. A zamanin cinikin gyaɗa Raleigh na Nottingham ne keken da ake alfahari da shi, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka mamaye kasuwa da sauƙin farashi, sannan kayan jabu suka biyo baya cikin kwalaye masu kama da na asali. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana nan tun 1971, amma ƙwayar boris da ake sayarwa a ƙirge a kasuwar ƙauye ba ta ɗauke da shaidar kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama sun jingine babura sun kakkaɓe tsoffin kekuna, kuma abin da masu gyara suka daɗe suna faɗa ya sake fitowa: tsohon firam ɗin Raleigh yakan cinye sarƙa da furwil na zamani bi da bi, shi kuwa yana nan a miƙe.