Jinjina ga Masu Rage wa Hoto Nauyi

Hoton siddabarun fim ba ya hawa intanet yadda ya fito daga kwamfuta. Yawanci yana cikin tsarin OpenEXR, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya sakar wa kowa a 2003. Tsarin yana riƙe haske fiye da abin da fuskar waya za ta iya nunawa, alhali JPEG matakai 256 kacal yake ba kowane launi na tushe. Mai juya hoton ne ke zaɓen abin da za a ceta: kada harshen wuta ya koma fari fat, kada fuskar da ke inuwa ta nutse. In bai mayar da launi kan ma'aunin sRGB ba, hoton ya yi duhu, wahalar watanni ta tashi a banza.

Wasu za su ce ai manhaja ce ke yin komai. Lalle tana matse hoto zuwa tsari kamar WebP da Google ya fitar a 2010, amma ba ta san inda ido zai sauka ba. Mutum ne ke lura ko hayaƙi ya yi layi-layi, shi ne kuma ke tausaya wa mai ƙarancin data. Wannan gwani ya cancanci jinjina.