Tulun Ladi Kwali: Daga Bakin Rafi Zuwa Akwatin Gilashi

Duk wanda ya juya takardar Naira ashirin, irin wadda aka fito da ita a 2007, zai ga hoton wata mace tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, maginiya, wadda aka haifa a garin Kwali cikin ƙasar Gwari wajen 1925, ta kuma rasu a Minna a 1984. Masu riƙe hotonta a hannu kowace rana ba su ƙirguwa, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin tulun da ta gina, gama da yawa daga manyan ayyukanta suna gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen waje, kamar gidan Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a Washington. Manufar wannan takarda ita ce a duba abin da ya sami tulun nan sa'ad da ya bar bakin rafi ya shiga akwatin gilashi, da abin da nuni ya ke bayyanawa game da shi, da kuma abin da ya ke rufewa.

Ya kamata a fara da tulun ƙauye, domin shi ne asali. A wurin Gwarawa, waɗanda su ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, ginin tukwane sana'ar mata ce, Ladi kuwa tun tana yarinya ta koya wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Maginiya ba ta aza yumɓu a kan abin juyi. Takan ja bangon tukunya da hannu, ta riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe, tana kewaya tukunyar da ƙafa tana shafewa, har cikin ya yi daidai ta kowane gefe. Sa'an nan ta mirgina 'yar igiya murɗaɗɗiya ko guntun itace mai sassaƙa a kan ɗanyen jikin, ta kuma tsaga zane da tsinke ko bakin wuƙa. In tukwane sun bushe sai a tara su a fili, a rufe da itace da ciyawa, a toya. Zafin irin wannan wuta bai cika kai digiri 900 ba, saboda haka jikin tulun ya kan zauna da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta sha shi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Watau abin da baƙo zai ɗauka aibu ne, shi ne ainihin amfanin tulu a ƙasa mai zafi.

A 1950 Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, almajirin Bernard Leach, wanda ya riga ya yi aiki a Achimota da Vume cikin ƙasar Gana ta yanzu. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da aikin maginai, ya kuwa gane cewa tukwanen gargajiya sun dace da bukatar masu su, ba su neman gyara. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa makarantar koyar da yin kwanoni da kofuna masu ƙyalli, don ma'aikata da mazauna birane. Aka kafa ta a Abuja tsakanin 1951 da 1952, watau tsohuwar Abuja ta Haɓen Zazzau, wadda aka mai da sunanta Suleja bayan da aka zaɓi sunan Abuja ga sabon babban birni a 1976. Ladi ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta fari a cikinta.

A nan ne labarin da a ke yawan rubutawa a gefen kayan nuni ya ke karkacewa. Akan ce Cardew ne ya gano ta. Amma inda ya fara ganin tukwanenta shi ne gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya riga ya tara su don kyansu. Ashe ke nan mutanen ƙasar sun riga sun bambanta gwana da wadda ba gwana ba, suna kuma da ma'aunin da su ke aunawa da shi, tun baƙo bai iso ba. Wannan ba ya rage darajar Cardew, wanda ya buɗe mata hanyar da ba ta samu a da ba, ya kuma yaba aikinta a fili. Sai dai malamin da ya koya wa ɗalibansa cewa kyan tulun ya fara ne daga ranar da Bature ya gan shi, ya koya musu raina idon iyayensu.

A makarantar Abuja ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanoni da kofuna da akusa, amma ba su ne suka ɗaukaka sunanta ba. Abin da ya ɗaukaka shi manyan tuluna ne, waɗanda ta ci gaba da ginawa da hannu yadda ta saba, sai dai da yumɓun makaranta mai jure wuta. Takan tsaga zane, a cika tsagar da farar laka, a shafe jikin duka da ruwan ƙyalli wanda a ke hango abin da ke ƙarƙashinsa, sa'an nan a sa cikin matoya ta bulo mai cin itace, a kai zafin sama da digiri 1,200. Abin da ke fitowa yana da siffar tulu, amma jikinsa ya zama kamar dutse. Ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya kuma yi nauyin da mace ba za ta aza shi bisa kafaɗa zuwa rafi ba. Kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin matar ƙauye. Ya bar aikin da aka san tulu da shi, ya koma abin kallo.

Waɗansu masana sun ɗauki wannan hasara ce tsantsa, suna ganin an raba sana'a da rayuwar da ta haife ta. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba. Tulun ƙauye gajeren rai gare shi, yakan fashe a maye shi da wani, gwanintar maginiya kuwa ta tafi tare da shi. Wuta mai tsanani ta sa zanen Ladi ya tabbata, farar laka ta fito da kowane layi sarai bisa duhun jikin, har mai kallo ya iya bin hannunta bayan shekaru sittin. Har wa yau ba a ga alamar cewa sabon yumɓu ya raunana hannun nan ba, gama ƙugun tulun da kafaɗarsa da wuyansa suna nan bisa ma'aunin Gwari. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, an sami sabon abu wanda ba na ƙauye ba ne, ba kuma na Ingila ba, ya kamata a auna shi da abin da ya zama, tare da tuna abin da aka bayar kafin a same shi.

Zanen da ke jikin tulunan ya cancanci a tsaya a kansa. Takan raba cikin tulu gida gida da layuka masu saukowa daga wuya, ta sa dabba guda a kowane gida: ƙadangare, ko kunama, ko hawainiya, ko kada, ko kifi, ko maciji, ko tsuntsu. Mai ɗaukar hoton tsuntsaye yana neman tsuntsu guda a lokaci guda, da launin gashinsa da yadda haske ya faɗa masa, domin a san irinsa. Ladi ba ta bi wannan hanya ba. Takan shimfiɗe tsuntsun, ta miƙe wuyansa ko ta tanƙwasa shi gwargwadon faɗin gidan da ta ware masa, ta cika jikinsa da ƙananan tsaga masu ratsa juna, waɗanda su ke amsa tsagar da ke kan layukan gefe. Wanda ya tambayi ko shamuwa ce ko zalɓe ya kuskure wurin dubawa. Abin dubawa shi ne yadda jikin tsuntsun ya ke buɗewa inda cikin tulu ya kumbura, ya kuma tsuke inda ya tsuke, har zane da siffa suka zama abu guda.

Daga nan a ke gane aibun akwatin gilashi da na hoto. An gina tulu ana kewaya shi, an kuma zana shi don a kewaya shi, dabba na bin dabba. Akwatin da aka jingina da bango yana nuna fuska guda, hoton littafi ma haka, sai mai kallo ya ga tsuntsu ya rasa kadan da ke bayansa. Bai kuma iya ɗaga shi ya ji nauyin da ya raba shi da tulun ƙauye ba. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya sami tarin tukwanen gargajiya da Sylvia Leith-Ross ta tattaro daga sassan Nijeriya, aka buga bayaninsu a 1970. Irin wannan tari shi ne abokin da tulun Abuja ke bukata a gefensa, domin sai an ga na asali a ke gane abin da aka sāke.

Aibu na biyu ya shafi suna. Kayan makarantar suna ɗauke da hatimi mai sunan Abuja cikin rubutun ajami, na Ladi kuma da haruffan sunanta biyu na boko. Hatimin nan ne ya sa aka san ta a nune-nunen da aka yi a Berkeley Galleries ta Landan a 1958 da 1959 da 1962, ya kai ta Amurka tare da Cardew a 1972, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa sun yi aiki a makarantar nan, bayansu kuma akwai matan ƙauyuka marasa hatimi waɗanda suka riƙe sana'ar tun kaka da kakanni. Nunin da Jareh Das ta shirya a Two Temple Place ta Landan a 2022 ya gyara wani abu na wannan, da ya jera aikin Ladi da na matan da suka biyo sawunta, har da Magdalene Odundo, 'yar Kenya, wadda ta zo Abuja koyo a 1974.

Turawa sun gyara ma'aikatar Leach da ke St Ives, wadda aka kafa a 1920, suka buɗe ta ga masu ziyara a 2008, inda ɗalibi zai ga tsohuwar matoya da ɗakin aiki tare da masu gini a raye. Darasin da ke ciki ga malaman kwalejojin horon malamai ba mai tsada ba ne. Wanda zai koyar da aikin Ladi Kwali ya sayo tulun kasuwa ya cika shi da ruwa, ya bar ɗalibai su taɓa sanyin jikinsa, su kewaya shi, in da hali ya kai su wurin maginiya su ga yadda bango ke tashi. Bayan haka ne hoton tulun Abuja zai yi musu magana, su iya faɗin abin da aka ƙara masa da abin da aka rage.