Gwanintar Masu Goge Salansar Babur

Duk jikin babur babu abin da ke shan wuya kamar salansa. Zafin inji na gasa ta daga ciki, taɓo da ƙura na dukanta daga waje, ga leda da takalmin roba da ke narkewa su manne mata. Shi ya sa nake jinjina wa wanda zai tsuguna gabanta da tsumma da bokitin ruwa, ya tashi ya bar ta tana ɗaukar ido.

Gwani yakan bari ta huce tukuna, sannan ya wanke ta tas da ruwan sabulu, domin ƙwayar yashi ɗaya a jikin tsumma ta isa ta ja mata zanen da ba zai fita ba. Ledar da ta ƙone kuwa, da 'yar itaciya yake kankare ta tun da sauran ɗumi. Wuƙa ba ta zuwa kusa.

Babban ilimin shi ne gane irin ƙarfen. Salansa da yawa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, aka ɗora kurom a sama. Kaurin wannan kurom bai kai maikiron 1 ba, alhali silin gashi ɗaya yana kaiwa wajen 70. Wanda ya sa wa irin wannan salansa samfefa ya kashe ta, don da zarar fatar ta huje, tsatsa ta sami ƙofa. Gwani sai ya dunƙule takardar alminiyam, ya tsoma a ruwa, ya riƙa bin ɗigon tsatsa a hankali. Alminiyam ya fi kurom laushi, yana ɗauke tsatsar ya bar ƙyallin.

Idan kuma salansar ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, ƙyallinta har ciki yake, tana jure guga. Nan ake hawa mataki-mataki da jiƙaƙƙiyar samfefa: lamba 400, sai 800, sai 1200, har 2000. Kowace lamba yana gicciya ta a kan zanen ta baya, ba ya sauyawa sai tsohon zanen ya ɓace. Daga nan ya laƙato man goge ƙarfe irin Autosol, ya murza har tsumma ya yi baƙi ƙirin. Wurin lanƙwasar da ke kusa da inji, inda yatsa ba ya shiga, sai ya yago tsumma mai tsawo, ya zagaya shi bayan bututun, ya kama baki biyu yana ja dama da hagu.

Yana karanta launi ma. Zafi kan mayar da wuyan salansa ruwan ɗorawa, sannan shunayya, sannan shuɗi. In shuɗin ya yi nisa, zai ce wa mai babur: "Maigida, a kai wa bakanike ya duba kafireta, wataƙila iska ta fi mai yawa."

Kafin a tayar da inji, yakan share shatin yatsu da busasshen tsumma, domin maiƙon hannu yana ƙonewa ya zama tabo. Mai wannan kula ya cancanci a biya shi ladan gwani: ya tsare wa mutum dukiyarsa, ya kuma tsare mutuncin sana'arsa.