Takubbanmu na Gado da Kuskuren Masu Rarrabe Su

Na daɗe ina duba yadda masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke rarrabe tsofaffin takubba. Idan takobin ƙasar Filifin ne, sai ka ga an natsu an bambanta na Maranao da na Tausug da na Magindanao, ana duba ƙota da sassaƙa. Amma da zarar an zo kan namu, yawanci suna ɗaya ake yi musu: takobin Buzaye. Wannan hukunci bai gamsar da ni ba.

Abin da suka fi dogara da shi shi ne tambarin da ke jikin ruwan takobi, kamar jinjirin wata ko kyarkeci mai gudu. Haka L. C. Briggs ya bi a nazarinsa na 1965. Gaskiya ne ruwan takubba da yawa daga Solingen ta Jamus suka fito. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da kimanin 50,000 duk shekara. To amma shi kansa ya nuna a nan ake ɗaura musu ƙota. Kuma maƙeranmu sun iya kwaikwayon tambarin nan sarai. Ashe ke nan tambari ba ya faɗin mai takobi.

Wani dattijo a Kiru ya taɓa zare mini na kakansa. Ruwan na Turai ne, amma ƙota aikin maƙeri ce, kube aikin baduku, hamila kuwa an sabunta ta, in ji shi, har sau biyu. A wane rukuni za a sa shi? Mai saye zai rubuta "Jamus" ya wuce. Su kuwa 'yan gidan sun san shi da zamanin hare-haren Ningawa, waɗanda suka addabi yankin Tudun Wada da Doguwa a ƙarni na 19.

Littafin Bivar na 1964 ya fi kusa da adalci, domin ya duba makaman Arewa a muhallinsu, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga na fadoji. Takubban garuruwa irin su Bebeji, inda Turawa suka fasa ƙofa a 1903 kan hanyarsu ta zuwa Kano, suna nan rataye a ɗakuna.

Ina roƙon malaman makaranta, kafin dillalai su riga mu, a rubuta sunan gida da garin kowane takobi, da abin da tsofaffi suka ji game da shi, sannan a auna tsawonsa a zana tambarin.