Awo, Alli da Almakashi: Yadda Ake Koyon Ɗinki a Gashuwa

Wanda ya kai yadi wurin tela a kasuwar Nguru ƙarar keke yake ji, sai ya ɗauka a nan aikin yake. Telan kuwa ya san rigar ta yi kyau ko ta lalace tun kafin ya ɗora ƙafa a kan feda, domin a wurin awo da yanka ake gama magana. Tun ran gini ran zane. Wannan ne abu na farko da ake cusa wa ɗalibi a ɗakin koyon ɗinki na jami'a, kuma shi ya fi ba sabon shiga haushi: ya zo da ɗokin hawa keke, sai a miƙa masa tef da fensir da faffaɗar takarda.

Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana da sashen kimiyyar kula da gida a ƙarƙashin tsangayar aikin gona, kuma sanin yadi da ɗinkin tufafi na cikin abin da mai irin wannan karatu yake bi ta kansa. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a yankin. Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930 garin ya zama masaukin hajja, yau kuma dilolin shadda da atamfa na Kantin Kwari a mota suke isowa. Abin da jami'a ta ƙara shi ne mai da abin da ke cikin idon tela ya koma lissafi a takarda.

Mu ɗauki kaftani. Tef ɗin awo inci 60 ne. Ana ɗaukar tsawo daga inda wuya ya haɗu da kafaɗa zuwa inda mai riga yake so ta tsaya. Kafaɗa ta baya ake aunawa, daga ƙashi zuwa ƙashi. Hannu sai an ɗan lanƙwasa gwiwarsa, in ba haka ba ranar da mutum ya miƙa hannu zai gaisa sai rigar ta janye ta bar tsintsiyar hannunsa a waje. A wuya ana sa yatsa ɗaya ƙarƙashin tef don a bar wa maƙogwaro wurin motsi. Ƙirji kuwa a nan ake fama da masu tumbi, don da an zagaya musu tef sai su haɗiye ciki. Shi ya sa za ka ji tela yana cewa, "Alhaji, saki jikinka, ai da cikin za ka sa rigar."

A ce ƙirji ya ba da inci 40. Ba a yanka 40. Ana ƙara sarari, kamar inci 8, don mutum ya yi ruku'u da sujada ba tare da rigar ta ɗaure shi ba, kuma a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, wannan sararin shi ne hanyar iska. An sami 48 ke nan. Da yake ninki huɗu ake yi wa yadi, gaba da baya, dama da hagu, sai a raba gida huɗu, a zana inci 12, a ƙara kamar inci guda na abin da ɗinki zai ci. Wuyan gaba ya fi na baya zurfi sosai, ramin hammata na gaba ma ya ɗan fi na baya shiga ciki, saboda hannun ɗan Adam gaba yake aiki. Ɗalibi yana zana duk wannan a takarda, ya yanke, ya fara gwadawa a kan akoko, wato yadi mai arha wanda ba a kuka in ya ɓaci.

Sai sanin yadin kansa. Kowane saƙaƙƙen yadi yana da zaren tsaye, mai bin tsawonsa, da zaren kwance, mai ratsa faɗinsa. Ja shi ta tsaye, ba ya miƙewa. Ja ta kwance, ya ɗan saki. Ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ka ga ya miƙe sosai. Tsawon riga dole ya bi zaren tsaye. Wanda ya karkata takardarsa don ya tsimi rabin yadi, bayan wanki biyu zai ga ɗinkin gefe ya murɗo gaba, kuma babu gugar da za ta mai da shi. Amma wannan miƙewar ta karkace ita ake nema da gangan idan za a yanko siririn ƙyallen da za a bi da'irar wuya da shi, don shi kaɗai yake kwanciya a lanƙwasa ba tare da ya tattare ba.

Atamfa tana da nata tarkon. Turmi yadi 6 ne, kuma zanen wata yana da sama da ƙasa. Ɗaliba za ta ninka, ta yanka, ta haɗa, sai da aka ɗaga rigar a ga tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya kuma kansu a ƙasa. Malama ba ta buƙatar dogon faɗa. Ta juya rigar ta ce, "'Yata, dubi bayan nan da kyau." Daga ranar, kafin ta taɓa almakashi sai ta shimfiɗa turmin gaba ɗaya ta karanta shi, ta san inda babban fure zai faɗa, ta tabbatar zanen hannun dama ya yi daidai da na hagu.

Yanka ma da ladabinsa. Bakin almakashi na ƙasa yana kan tebur, ba a ɗaga yadi sama, ana tafiya da dogon sara don kada gefen ya yi haƙora. Almakashin yadi kuma ba ya taɓa takarda, don takarda tana dakushe shi. Duk gidan da ake ɗinki an san rigimar da ake yi da yaron da ya ɗauke shi ya yanka kwali.

Yanzu ne za a hau keke, shi ma ba da zare ba. Ana ba ɗalibi takarda mai layuka, miƙaƙƙu da masu kwana da masu zagaye, ya bi su da allura tsura har ramukan su zauna a kan layi. Ƙafa tana koyon feda: a fara juya ƙaramar tayar da hannu zuwa wajen mai ɗinki, ƙafafu su karɓa, diddige da yatsu suna musayar nauyi. Tayar ta koma baya sau ɗaya, zare ya tsinke. Baƙin keke mai feda, irin Butterfly na Sin ko tsohon Singer, har gobe shi ne abin dogaro a Nguru da Gashuwa, tunda ba ya jiran a kawo wuta.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin farantin keken ya isa a tsaya a yi mamaki. Allurar hannu kafarta a gindi take, ta keke kuwa a baki. Tana huda yadi ta sauka da zaren sama, da ta fara komowa sai zaren ya yi ɗan lanƙo, ƙugiyar shatil, wato gidan da kwarkwaron zaren ƙasa yake zaune, ta cafke lanƙon ta zagaya da shi, zare biyu su sarƙe a tsakiyar kaurin yadi. Haƙoran da ke ƙasa su tura yadin gaba taki ɗaya, a sake. Wannan dabara ta sarƙe zare biyu ce Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, kuma a kanta kekunan ɗinkinmu suke tafiya. Wanda ya fahimce ta ba ya kiran mai gyara a kan ƙaramin abu. Ya ga zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, ya san yawanci laifin na sama ne, ko ya yi sako-sako ko an tsallake wata mazarga. Ya ga ɗinki yana tsallake, ya duba ko allura ta lanƙwashe ko an juya gefenta mai lebur ba daidai ba. Lamba 14 ta wadatar wa atamfa da shadda, yadi mai kauri sai 16 ko 18, mai shara-shara kuma 11. Da hunturu, ƙurar da ke tasowa daga arewa tana haɗuwa da mai ta zama dauɗa a cikin shatil, don haka sharewa da ɗigon mai da rufe keke da dare suna cikin darasi.

Inda ake gane hannu shi ne tsagar gaban kaftani. Ana manna mata gam, wani farin ƙyalle mai danƙo da zafin dutsen guga yake liƙawa don wurin ya tsaya ƙyam, sannan a tsaga, a ɗan datsa kusurwoyin ƙasa har dab da ɗinki. A datsa da yawa, rami ya fito. A ji tsoro a rage, wurin ya tattare. Ƙwararre yana guge kowane ɗinki kafin wani ya hau kansa, ko da dutsen gawayi ne, shi ya sa rigarsa take kwanciya tun ba a kai ta wurin mai wanki ba.

A ganina ɗalibin da ya raina telan kasuwa ya yi asara. Tsohon tela yana kallon mutum ya ja alli kai tsaye a kan shadda mai tsada, abin da ya ɗauke shi shekaru yana share shago da kalmasa ƙafar wando kafin a bar shi ya riƙe almakashi. Ita takarda amfaninta daban ne: daga zane ɗaya ana iya ƙara girma ko a rage da ƙa'ida, a fitar da kayan makarantar yara aji guda ba tare da an auna kowa daga farko ba. Mai wayo a cikin ɗalibai da hutu yakan nemi benci a wani shago, musamman a goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli suke kwana a kan keke da fitila. Sa'o'insa suna majalisa a gindin darbejiya suna latsa waya, suna jiran a buɗe ɗaukar aiki, kuma a cikinsu akwai wanda zai zo daren Salla yana roƙo a taimaka a sa masa hannun riga.

Saura gwaji. Mai riga ya sa, ɗalibi ya ja da baya ya karanta tattarar da ta fito. Layukan da suka ja a kwance a ƙirji suna cewa ta matse. Waɗanda suka zubo a tsaye suna cewa yadi ya yi yawa. Idan kuma suka gangaro a karkace daga wuya zuwa hammata, kafaɗar mutumin ta fi yadda aka zana zubewa, sai a ɗauki reza a farke ɗinkin kafaɗa a hankali, a rage rabin inci ta bakin hannu, a sauke ramin hammata daidai da haka, a rubuta gyaran a littafin awo kusa da sunan mai rigar don zuwansa na gaba.